Wanda Aka Tarar a Gaban Inji

Shekara ashirin da shida Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya yi yana buga jarida, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai Mai Inji. Gajere ne, mai saurin fushi, farcensa kullum baƙi ƙirin da tawada. Bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Nasa dai a kawo shafi a shirye, ya ɗora, ya buga.

Ranar da jaridar ta fallasa masu karkatar da magungunan asibiti, Edita ya samu labarin za a zo kama shi. Ya sulale ta ƙofar baya, ya bar ƙasar, bai gaya wa kowa ba. Da jami'an tsaro suka shigo, Kawu suka tarar yana zuba wa inji mai. Wata bakwai ya yi a tsare ana tambayarsa wa ya kawo labarin. Ya fito kunnensa na hagu ya mutu, jarida kuma an rufe ta. Ya kama ɗan shago yana buga kalanda.

Bayan an canja gwamnati Edita ya dawo, ya zama Farfesa, ya buɗe cibiyar nazarin 'yancin jarida a jami'a, har ya rubuta littafi a kan abin da ya faru. Ni na karanta wa Kawu inda ya shafe shi: "An kuma yi wa wasu ma'aikata tambayoyi."

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, Kawu."

Wata rana ɗalibar Farfesa, mai neman digirin dakta, ta zo shago da rikoda. Kawu ya dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya aiko ki?"

"Daga cibiya nake, Baba."

"To ki gaya wa cibiya ina aiki." Ya tayar da inji. Ta ajiye masa takardar gayyatar taron wayar da kan jama'a, ta tafi.

Ban zaci zai je ba, sai ga shi ya ce in raka shi. Farfesa ya yi awa guda yana bayanin jarumtar ɗan jarida. Da aka zo tambayoyi, mai gabatarwa ya tsallake hannun Kawu sau uku. Sai kawai ya miƙe. Tun da kunnensa ya lalace da ƙarfi yake magana, bai buƙaci lasifika ba.

"Farfesa, ka gane ni?"

"Baba, kamar na san fuskar."

"Ni ne wasu ma'aikata. Taku nawa ne daga ofishinka zuwa ɗakin inji? Me ya hana ka leƙo ka ce mu gudu?"

Mai gabatarwa ya ce tambaya ake so, ba jawabi ba. Mai gadi ya kama hannun Kawu, sai wata mata daga baya ta ce a sake shi, ai taron 'yancin magana aka ce. Farfesa ya gyara tabarau, ya ce zamani ne mai wuya, kowa ya sha wahala.

"Haka ne," in ji Kawu. "Na ji an ce ƙasar da ka je akwai sanyi."

Wasu suka yi dariya. Kawu ko murmushi bai yi ba.

Ɗalibar ta sake dawowa. Kawu ya yarda ya yi magana bisa sharaɗin ba za a yanke ko kalma ɗaya ba. Kwana huɗu tana naɗa. Farfesa ya ce babin da ta rubuta a kan Kawu ya fita daga batun bincike, ta ƙi cirewa, hakan ya ja mata ƙarin shekara guda kafin ta gama. Daga baya cibiyar ta aiko wa Kawu lambar yabo, ya ce direban da ya kawo ta ya mayar da ita.

Bara Kawu ya rasu. Farfesa ya zo gaisuwa, matar Kawu ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ya bar saƙo," in ji ta. "Ya ce in ka zo a ba ka ruwa, amma kada a ba ka kujera."

A tsaye ya sha, ya yi addu'a, ya koma mota.