Kwalbar Goggo Luom

Shekara ashirin da biyu Goggo Luom ta yi tana tsaron ƙofar katakon da ke bakin magudanar ruwan ƙauyensu, can ƙasan kogin Mekong. Gida tara ne ke shayar da lambunan bishiyar duriyan, mai 'ya'ya masu tsada, daga wannan magudana. Aikinta bai wuce ɗanɗano ba. Sau biyu a rana teku kan cika, ya turo kogi baya, ruwa ya taso. Sai ta ɗebo a tafin hannu ta kai baki. In babu gishiri ta ɗaga katako, in akwai ta bar shi.

A ranin bara iskar gabas ta yi kwana shida ba ta huta ba. Ita ce iskar da Goggo ke tsoro, don takan tura ruwan teku nesa cikin mashigai, har inda cikar teku kaɗai ba ta kai shi. Ƙofa ta zauna a rufe. Ganyen duriyan ya fara zuba.

Rana ta bakwai da hantsi Tuat, ƙanin mijinta, ya same ta tsugune a bakin ruwa.

"Matar yaya, harshen naki ya tsufa ne, ko so kike mu koma sayar da itacen girki?"

"Kai da ko miyar matarka ba ka iya bambance gishirinta, yi mini shiru."

Ta ɗanɗana sau uku. Ruwan garau yake, ba gishiri. Ta ɗaga katako, ruwa ya kwararo da ƙarfi.

Can ta lura da kainuwar da ke wucewa. Ganyenta kore shar, amma saiwar ta yi baƙi ta saɓe. Alamar gishiri ke nan. Ta tuna mahaifiyarta, wadda a irin wannan iska ba ta taɓa ɗiba daga sama ba. Ta ɗaure kwalba a kan gora, ta nitsar da ita har ƙasa, ta jawo, ta kurɓa. Gishiri ya ƙona mata maƙogwaro. Ruwan teku ya fi nauyi, ta ƙasa yake rarrafe, na daɗi yana lulluɓe da shi.

"Tuat, zo ka kama mini. Gishirin a ƙasa yake."

Suka danna katako, ya ƙi sauka, ruwa ya tokare shi. Goggo ta faɗa magudanar har ƙirji, ta sa kafaɗa. Ruwa yana jan ƙafafunta zuwa ƙarƙashin ƙofar, laka tana zamewa. Ba ta tunanin komai sai bishiyoyin gida tara, waɗanda wasunsu sun girmi jikokinta. Tuat ya hau kan katakon da duk nauyinsa, yana kiran sunan yayansa da ya rasu. Katako ya sauka da ƙara, ya kusa tafiya da yatsunta.

Kwana uku mutanen ƙauyen suka yi suna kwashe ruwan gishirin daga lambunan da bokiti. Bishiya goma sha ɗaya na kusa da ƙofar suka bushe, bakwai a ciki na Tuat ne. Sauran suka tsira.

Ba wanda ya ɗora mata laifi, ba kuma wanda ya nemi karɓar aikin. Har yau kwalbar tana rataye a jikin ƙofar. Tuat ya daina yi mata ba'ar harshe. In iskar gabas ta taso, Goggo takan ajiye kwanon shinkafarta ta fita duba ruwan, ko da ba lokacin cikar teku ba ne.