Kawu Remzi, Mai Gadin Kajin Dutse

Tun watan Afrilu, dusar ƙanƙara ba ta gama sakin duwatsun Kachkar ba, Kawu Remzi yake zuba burodin masara da cuku a jaka ya hau yayla, makiyayarmu ta kan dutse, shi kaɗai. Aikin da ƙauye ya ɗauke shi a kai guda ɗaya ne: kada kowa ya shigar da saniya kafin ranar hawa, ranar da gari ke haurowa da shanu, don ciyawa ta samu ta tashi. Yana idar da sallar asuba sai ya zagaya bukkoki, ya duba rufin da iska ta yaye. Daga nan sai ya wuce aikin da ba wanda ya sa shi, ya zauna bayan wani dutse a Gangaren Komar, inda gajerun itatuwan komar suka rufe ƙasa, yana jiran zakarun dutse. Shekara talatin da ɗaya ya yi a haka.

Yawancinmu a tukunya muka san tsuntsun nan. Shi da rai ya san shi. Daga bakinsa na ji cewa zakaran, baƙi wuluk da jan tsoka a saman ido da jela mai lanƙwasa ƙasa, kusan bebe ne, ba ya cara. In yana neman mace sai ya yi tsalle sama, ya juya a iska, fukafukansa su yi fito, farin hammatarsa ya bayyana, ya dira. Yana gamawa ya kama gabansa. Kazar ce, mai launin busasshiyar ciyawa, take tona ɗan rami a gindin komar, ta zuba ƙwai biyar ko shida, ta kwanta a kansu sama da sati uku. A sanyin can sama, in ta tashi a firgice ta daɗe ba ta dawo ba, ƙwan ya mutu, in ma hankaki bai riga sanyin ba.

To, mu kuma mutanen bindiga ne. Ranar hawa, gari kakaf ake tafiya da shanu da tukwane, kuma al'adarmu ce da zarar an hango rufin bukkoki kowane namiji ya ɗaga bindiga ya harba sama, don yayla ta san mun iso. Wurin da ake fara hango rufin kuwa shi ne kan Gangaren Komar, daidai saman sheƙunan.

Inna Zekiye, wadda ta girmi kowa a cikin masu tatsa a yayla, tana wurin ranar da Kawu Remzi ya fara tare hanya. Ta ce a tsakiyar turba ya tsaya da sandarsa, ya ce wa maza su ashirin, “Ku yi wa Allah ku riƙe harsashinku har ku tsallake rafi. Taku ɗari huɗu ne kawai.” Aka yi ta dariya. Wani ya ce, “Kai Remzi, yaushe ka auri kazar dutse ba a gayyace mu ba?” Ya ce, “Bara. Surukanku ne a ƙasan nan, ku wuce da ladabi.” Dariyar ce ta sa suka wuce ba su harba ba, kuma daga shekarar aka koma yin harbin a ƙetaren rafi.

Bai tsaya nan ba. Shi ya bi makiyaya ɗaya bayan ɗaya har suka yarda suna rataya wa karnukansu guntun itace a wuya, mai dukan ƙafa in kare ya zabura, don kada su bi 'yan tsaki. Shi ne kuma yake saukowa ranar Juma'a ya ce wa dattawa, “Sun ƙyanƙyashe, a sa rana.” Da ya fara aiki zakaru huɗu ne suke rawa a gangaren. Bara sha tara ya ƙirga.

Kai ne ka yi wannan, Kawu, da sanda da haƙuri, kuma ba ka taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ni zan ɗaga tawa yau.

Bana muka yi sabon mai gari, Jelal, mutum mai son a ce ya kawo ci gaba. Ya duba ya ga 'yan'uwanmu na Istanbul da Jamus hutunsu a farkon watan Yuni yake, kuma suna so su ɗauki hoton hawa da waya. Sai ya matso da ranar hawa kusa da sati biyu. A zama ɗaya kuma aka sallami Kawu Remzi, wai gwiwarsa ta gaji. Gwiwar ta gaji, gaskiya ne. Amma mutumin da ya yi wa gari shekara talatin da ɗaya, ko shayi ba a dafa masa ba, sai aike aka yi ya kawo makullin bukkar gadi.

Ya kawo makullin da kansa, ya ce, “Jelal, ɗan ƙanena, sheƙa bakwai ce a gangaren nan, duk suna kan ƙwai. Ka ba ni kwana goma sha biyu.”

Jelal ya ce, “Haba Kawu, mutane sun sayi tikitin jirgi. In ce musu su jira kaza?”

“To ku hau, amma kada a harba sai an tsallake rafi.”

“Kada ka damu, zan faɗa musu.”

Bai faɗa ba. Ranar hawa Kawu Remzi ya riga kowa fita, ya ja ƙafar nan har kan gangaren, ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Amma bana samarin da ke gaba ba su san shi ba, a birni suka tashi. Ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Baba, ɗan matsa gefe, kana shiga hoto.” Aka hango rufin bukkoki, wani ya harba, sauran suka bi. Bindiga sama da talatin, duwatsu suna maido da ƙarar. Da idona na ga kajin suna tashi daga cikin komar suna gangarawa kwari, na ga hankaki suna sauka tun hayaƙin bai washe ba. Mata suna guɗa.

Washegari Kawu Remzi ya bi sheƙun da rarrafe, don gwiwar ta ƙi miƙewa. Biyar sun tashi a banza, wasu ɓawo kawai, wasu ƙwai a jere sun yi sanyi ƙalau. Biyu ne kajin suka koma wa. Inna Zekiye ta ce da ya iso ƙofarta ta miƙa masa madara, ya riƙe ƙoƙon har ya huce bai kai baki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya yi wannan da mugunta. Murna muke yi. Na ce muke, domin ni ma na harba. Shekarata arba'in da shida, na san dalilin ƙetaren rafi tun ina ƙarami, amma na ga kowa ya ɗaga, na ji kunya a ce tawa ce ta yi shiru. Da na je na faɗa masa, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Na sani, Nazmi. Na san muryar bindigar babanka. Shi tun da na roƙa bai sake harba ta a wurin nan ba.” Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kawu Remzi, mai gadin marasa baki, na gode. Na gode a madadin garin da bai iya buɗe baki ya gode maka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma 'yan garinmu, na gida da na birni, kada ku karanta wannan ku ce Allah sarki ku ajiye. Badi Kawu Remzi ba zai iya hawa ba, kuma duk duniya shi kaɗai ya san gindin komar da kajin nan suke komawa. Ya tsaya a bakin masallaci ya ce duk mai so ya zo ya nuna masa tun yana iya hawa jaki. Yau sati uku ke nan. Mu da muka ɗaga bindiga mun haura talatin, waɗanda suka je wurinsa kuwa mu biyu ne, ni da Inna Zekiye, mai shekara tamanin. Yana gida, ƙofarsa a buɗe, kullum da safe yana ɗaura wa jakin sirdi ko wani zai zo.