Tukunyar da Ta Ƙi Zama Fanko

A unguwar kan tudu da ke bayan birnin Lima na ƙasar Peru, ba wanda bai san Doña Nicolasa ba: gajeriya, ga murya kamar lasifika. Ita ke riƙe da ludayin tukunyar gayya mai ciyar da unguwa tun lokacin da aka rufe masaƙa, maza suka zauna gida. Dokar tukunyar ɗaya ce: in ka gan ta fanko, jefa abin da ke hannunka.

Ana nan sai ga Wilmer, ɗan fim, ya hawo da kyamara zai ɗauki gwagwarmayar unguwa.

"Mama, abu kaɗan nake so. Ki buɗe tukunya, ki ga ba komai, ki yi tagumi."

"Tukunyata? Fanko? Har mutanen tudun can su gani su yi mini dariya? Ɗan nan, wa ya aiko ka?"

Ƙawarta Basilia ta sa baki. "Haba ƙawa, wasa ne fa. Ke da kika tare motar rusau da ludayi, kyamara za ki gudu?"

"Ba gudu ba ne, mutunci ne."

Da ƙyar dai ta yarda. Aka wanke tukunya, aka girka. Wilmer ya ɗaga hannu a fara ɗauka ke nan, sai tsoho Teófilo mai gyaran takalma ya ratso, ya leƙa, ya zuba dankali.

"Baba, fim muke yi!"

"Yi abinka, ɗana. Ni da tukunya nake."

Aka kwashe. Wata ta cillo albasa ta kan katanga. Aka kwashe. Wilmer ya ajiye mai gadi a bakin lungu, mai gadin da kansa ya lallaɓo da ƙafafun kaji. Kafin azahar labari ya gangara cewa tukunyar Nicolasa ta ƙafe. Mutanen tudun can suka iso da buhun shinkafa, suna jaje.

Nicolasa ta dafe ƙirji. "Jaje? Ni? Basilia, hura wuta!"

Ta ciyar da tudu biyu, har da masu fim, sai da aka kankare ƙanzo. Sannan ta dubi Wilmer da ke lasar cokali.

"To, ga fankon naka. Ɗauka."

Ta yi tagumin kuwa, mai kyau. Amma sai da ta jera maƙwabta a bayanta suna sakace haƙori, ta ce duk wanda ya motsa daga hoton, gobe ya nemi wata tukunyar.