Ƙafar Auduga da Motar Lantarki

Shekara ashirin da shida ya yi yana jan motar wani gidan jinya. Da safe ya bi gida-gida ya kwaso masu karaya da waɗanda aka yi wa aiki, ya kai su gashin ƙashi, kafin azahar ya mayar da kowa ɗakinsa. Ƙafar Auduga ake ce masa, saboda yadda yake sakin kuloci. Ya tayar da mota a kan hawa, mai ɗinki a ciki bai ce wash ba. Baiwa ce Allah ya ba shi, sai dai shi ya daɗe da manta wanda ya bayar. Ko takalmi ba ya bari a taka masa. A gida kuwa sai ya miƙe ƙafar a kan matashi, matarsa na shara tana kewaye ta kamar wata baƙuwa mai daraja.

Sai gidan jinyar ya sayar da tsofaffin motocin, ya kawo na lantarki guda uku. Babu kuloci, babu hayaƙi, babu ko tari. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wata sabuwar direba da aka ɗauka, sa'ar 'yarsa ta biyu. Rana ɗaya ta hau, ta tashi sumul, ba wanda ya girgiza. Ya tsaya a bakin gareji yana kallo, ya taɓe baki, ya ce ai wannan ba tuƙi ba ne, zaman kujera ne.

Mai kula da motocin ƙanin matarsa ne, mai gyara da kwamfuta. Ranar wata Talata Ƙafar Auduga ya same shi a gareji ya sunkuya a kan waya.

"Kai, mai danne-danne, mene ne ke rage mini ƙarfi in na taka?"

"Ba rage maka ake ba, Yaya, tausasa maka ake. Injin lantarki ba ya jira, kana taɓawa zai saki ƙarfinsa duka. Haƙoran giya kuma akwai 'yar tazara tsakaninsu, sai su gwabzu, sandar taya ta murɗe kamar igiya ta dawo, mota ta yi ta zillo. Akwatin nan shi ke auna juyin taya, yana sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan."

"To ni me nake yi shekara ashirin da shida? Tallan ruwa?"

"Kafin ka ƙifta ido ya gyara sau ɗari. Ƙafarka kuwa, Allah ya ja kwana, har ta fara neman man zafi."

"Marar kunya. Ina tuƙi kana yawo ba wando. Kashe shi ka gani."

Ya yi ta naci, har da cewa zai kai ƙarar ƙanin wurin yayarsa. Ƙanin ya gaji, ya jona waya ya kashe, ya ce a cikin fili kawai, zagaye biyu, ya dawo a mayar. Aka kira shi ofis. Da ya fito, babu mota babu direba.

Cikin masu jiran ɗauka a ranar akwai wata tsohuwar malamar makaranta da aka sa wa ƙarfe a ƙugu. Wata huɗu ke nan ba ta yarda kowa ya ɗauke ta sai shi, har ofis ta sa aka rubuta. Ita da ire-irenta su ne suka riƙe masa layin safe, da tuni an ba yarinyar. Ya san da haka. Shi ya sa ya nufi ƙofarta, yana son ta shaida da bakinta cewa ƙafarsa ta fi akwati.

A hanyar zuwa gidanta, motar ta ɗan fizga sau biyu, ya ce rashin nauyi ne. Ɗiyar tsohuwar ta taimaka aka zaunar da ita, aka ɗaura bel, aka sa mata matashi a gefe.

"Direba, yau ƙugun da sauƙi. A yi mini a hankali kamar kullum."

"Mama, yau ma za ki ji tuƙi na gaskiya."

Ya ɗora ƙafar, a hankali ƙwarai, wannan kam ba a yi masa ƙarya. Ƙasan motar ya ce ƙwas, ta yi tsalle gaba. Ya ɗaga ƙafa da sauri, ta dunguro baya. Ya sake taɓawa don ya lallashe ta, ta shiga karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sandar tsohuwar ta faɗi. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi, da wata siririyar murya da bai taɓa ji daga bakinta ba.

"Tsaya, bawan Allah. Sauke ni."

"Mama, motar ce ba ta..."

"Na ce ka sauke ni. 'Yata, kira su, su turo yarinyar nan."

Ko ƙarshen layinsu ba a kai ba. Aka zaunar da ita a bencin wani tela, tana riƙe da ƙugu, hawaye na bin kuncinta, ba ta ƙara kallon inda yake ba. Allah ya rufa asiri, hoto ya nuna ƙarfen bai goce ba, amma sati biyu ta yi a kwance.

Ƙanin matarsa ya sha faɗa a ofis, bai kuma ɓoye komai ba. Ba a kori Ƙafar Auduga ba, an duba furfurarsa. Layin safe dai aka karɓe aka ba yarinyar, shi kuma aka mayar da shi kai zannuwan gado wurin wanki. Har yau yana can. Duk wanda ya tsaya saurare sai ya gaya masa cewa motocin zamani ba su da tarbiyya, yana magana yana loda ƙullin zannuwa masu warin magani.