Ranar da Dessie Ya Auna Ruwa da Milimita

Shekara ashirin da biyu ina kai wasiƙu da kaya gonakin yammacin garin Quilpie, sau biyu a mako, kuma ban ga mai baƙar magana irin Desmond Harrigan ba. Dessie muke ce masa. A gonar aka haife shi, a nan ya tsufa yana kiwon tumaki. Matarsa Noelene ma'aikaciyar jinya ce da ta zo aikin wata shida, ta zauna shekara arba'in. Ɗansu ɗaya, Craig, yana Brisbane.

Da intanet ya iso gonar, mutumin da ko katin gaisuwa bai taɓa rubutawa ba sai ga shi ya buɗe shafi. Kullum ƙarfe tara na safe zai duba kwalbar awon ruwan sama, kamar kowa a nan, ya dawo ya rubuta. Layin farko awon ruwa ne, kuma da ma'aunin kakanni, wato ɗigo. Tun ina makaranta gwamnati ta koma milimita, Dessie ya ce gwamnati ta je ta auna nata ruwan.

Bayan awon sai labarin yini. "Ɗigo babu. Karen nan ya sake watsa min tumaki. Na zage shi tas, sannan na ba shi rabin burodina." Ya rubuta ranar da fari ya sa ya harbe tumaki ɗari biyu, ya zauna a mota yana kuka. Ya rubuta ranar da ya bar ƙofar shinge a buɗe, ya ɗora wa maƙwabcinsa laifi, bayan kwana biyu ya tona kansa a gaban duniya. Abin da ya riƙe mu ke nan. Mutumin ba ya shafa wa kansa mai, kuma kullum yana barinka da son jin abin da gobe za ta kawo.

Wata safiya a watan Maris na buɗe shafin, na ga "Milimita uku." Na ajiye kofin shayina. Washegari aka yi ta yabon faɗuwar rana. A rana ta uku, karen ya zama "abokina na gaskiya". Masu karatu daga birni suna ta murna, wai Dessie ya yi laushi.

A gidan mai na faɗa wa Lorraine mai kanti. Ta ce, "Glenys, ke dai kin cika zargi. Tsufa ne."

Na ce, "Tsufan me? Tsufa yana koya wa mutum milimita?"

Ga kuma wani abu. A da har cikin gida nake shiga in sha shayi. Yanzu Noelene tana tare ni a bakin hanya, wajen tsohon firjin da suke zuba wasiƙu, ta karɓi kaya ta ce yana can wajen shinge. Mako uku yana wajen shinge! Wallahi zuciyata ta je wurare marasa kyau. Har na fara tunanin ko ya mutu ta binne shi bayan rumfar aske tumaki.

Ranar Alhamis ban tsaya a firji ba, na wuce Noelene da mota har ƙofar gida. Ta biyo ni tana haki.

"Noelene, ina mijinki?"

"Yana hutawa."

"Wa ke rubuta shafin nan?"

"Shi mana."

"Dessie da milimita? Haba 'yar uwa, ki faɗa wa wani, ba ni ba."

Ta zauna a kan matakala. Ta ce ciwon mantuwa ne, tun bara ya fara, yanzu wani lokaci ita ma sai ya tambayi sunanta. Craig yana duba shafin kowace safiya. In ya ji shiru kwana biyu zai taso, kuma ya daɗe da cewa ranar da uban ya kasa, gidan tsofaffi na Toowoomba zai kai shi.

Ta ce, "Na yi aiki a irin wuraren nan, Glenys. Ba zai kai wata uku ba. Har yau ƙarfe tara yana zuwa wajen kwalbar. Milimita ce a jikinta, a da shi yake juya ta zuwa ɗigo da ka. Yanzu sai dai ya tsaya yana kallonta, ni kuma na rubuta abin da na gani."

Kunya ta kama ni, har da haushin kaina. Na ce, "In ni na gane, Craig ma zai gane. Ki ninka sau huɗu, shi ne ɗigo. Ki rabu da faɗuwar rana. Kuma don Allah ki zagi karen nan."

"Ban iya zagi ba."

"Ni na iya."

Muka zagaya baya. Dessie yana zaune a inuwa da hularsa, karen kwance a ƙafarsa. Ya gaishe ni da ladabi, abin da bai taɓa yi ba. Noelene ta ce kullum tana karanta masa tsofaffin rubutunsa, yana so. Ta ɗauko waya ta karanta na ƙofar shingen nan.

Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wane ɗan banza ne wannan?"

Ta ce, "Wani makiyayi ne."

"Maƙaryaci ne, amma dai ya faɗa da bakinsa. To washegari fa? Ya je ya ba maƙwabcin haƙuri?"

Ta ce, "Bari mu gani." Ni kuwa na juya ina kallon tankin ruwa, don ba na kuka a gaban mutane.

Ranar Juma'a shafin ya fito: "Ɗigo goma sha biyu. Karen nan ɗan iska ne, uwarsa ma haka." Layi na biyu nawa ne. Kafin ƙarfe goma Craig ya rubuta a ƙasa: "Yauwa, Baba ya dawo. Har na fara jin tsoro."