Salansa, Buhun Masara da Kunyar Ɗan Fari

Ina iya manta ranar da na sayi babur ɗin nan, amma ranar da na goya Baba a kansa zuwa Ruwan Godiya kam, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, babur ɗin ma ya tsufa, amma har yau in na shiga kwana sai na ji kamar an ɗora mini hannu a kafaɗar dama.

Ni mutumin Kankara ne, sana'ata saye da sayar da hatsi. A wajen wani Alhaji a Sabuwa na samo babur ɗin, kuma ba irin na 'yan acaba ba ne. Dogo ne baƙi, mai faɗin kujera da salansa mai ƙyalli, in ka tayar da shi sai ka ji rugugin har cikin ƙirjinka. Ranar da na shigo gari da shi, kasuwa ta kusa watsewa don kallo, ni kuwa kaina ya kumbura, ina ta murɗa wuta ba gaira ba dalili. Matsalarsa ɗaya ce. Alhajin gajere ne, don haka ya sa an rage wa babur tsayi don ƙafarsa ta riƙa taɓa ƙasa. An sa masa gajerun shokazoba a baya, wato ƙarafan da ke shanye gargadar hanya, na gaba kuma an zame su sama don gaban ya sauko. A miƙaƙƙiyar hanya babu kamarsa, amma da ka kwanta masa a kwana, sai wurin ɗora ƙafa da cikin salansa su kama kartar kwalta, ƙarrr, har haƙoranka su amsa.

Sai in gaya muku wani abu game da ni da Baba. Ni ne ɗansa na fari, kuma shi mutumin da ne a wajen kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, bai taɓa dafa ni ba, magana ma in zai yi mini, sai ya dubi Inna ko bango ya ce, “A gaya mashi kaza.” Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka muka taso muka gani. Amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci in na ga yana wasa da ƙannena har da dariya, abin yakan ɗan sosa mini rai.

Wata rana aka yi rasuwa a Faskari, mota ta yi wuya, dole ta sa Baba ya hau bayana. Ya je can ƙarshen kujera ya ɗosana, ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ya bar tazarar da za a iya ajiye tulu tsakaninmu. Kwanar farko mai ƙarfi da muka shiga, salansa ta daki kwalta, tartsatsin wuta ya tashi, bayan babur ya ɗan yi wutsil. Na ji salati a bayana, sannan murya a hankali ta ce, “A tsaya.” Ya sauka, ya kakkaɓe rigarsa, ya jira motar haya ya shiga, ko kallon inda nake bai yi ba.

Da yamma Inna ta kawo mini hukunci: a sayar da babur, Baba ya ce ba zai zuba ido ƙarfe ya kashe masa mutum ba. Na roƙi Inna, ita ma ta roƙe shi, har ya yarda da sharaɗi guda. Ƙanwata ta haihu a Ruwan Godiya, ranar suna zai sake hawa. In ƙarfe ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya, babur ya bar gidan.

Washegari da sassafe ina garejin ɗan goggona, bakanike ne kuma taubashina, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya zagaya babur yana dariya. “Kai bawana, mi ya kai raƙumi sayen takalmin ɗan akuya? Wanga ai an yi shi don gajere ne, kai ko ga ka kamar turken lantarki.” Na ce masa ya yi aikinsa ya bar surutu, in ya gyara na 'yanta shi.

Muka shiga aiki ni da shi, kuma ban taɓa jin daɗin ɓata hannu da baƙin mai kamar ranakun nan ba. Muka cire gajerun shokazoban baya muka sa masu tsayi, masu sifirin mai tauri. Na gaba muka mayar da su mazauninsu na asali, muka zubar da tsohon mai muka zuba mai kauri don kada gaban ya riƙa nutsewa. A gindin kowane sifirin na baya akwai wani zobe mai hawa-hawa, in ka murɗa shi sai sifirin ya ƙara ɗaurewa. A nan ne muka tsaya tunani, domin ba ni kaɗai zan hau ba. Ni na kawo dabarar: na ɗauko buhun masara daga shagona, muka ce shi ne Baba. Na zauna, ya ɗaure mini buhun tsam a jikin bayana, ya riƙa murɗa zoben yana leƙa ƙasan salansa har ya ce ya yi. Na fita gwaji da buhuna, na kwanta a kwana kamar zan shafi ƙasa da gwiwa, shiru kake ji. Na dawo ina ihu tun daga nesa, shi kuma yana tsalle da sifana a hannu.

Ranar suna na wanke babur har yana ɗaukar ido. Baba ya fito da farar babbar riga, ya yi bisimilla, ya hau, ya koma can ƙarshen kujera kamar kullum. Nan take na ji bayan babur ya durƙusa, gaban ya yi sakayau a hannuna. Mun auna komai daidai, amma buhu ba ya jin kunyar ɗan fari. Shi a jikina ya zauna, Baba kuwa duk nauyinsa ya tattara a bayan taya, inda sifirin ya fi jin jiki.

Muka kama hanya, gonakin masara da dawa suna wucewa hagu da dama, ni kuwa zufa ce ke bin bayana. Ƙananan kwanoni na lallaɓa su kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma akwai wata babbar kwana a gangare kafin a ƙarasa, wadda ko ka rage gudu sai ka kwanta mata. Na san in muka shige ta a haka, magana ta ƙare. To ta yaya zan buɗe baki in ce wa Baba ya matso jikina? Da na hango ta sai na gangara gefen hanya na kashe babur. Muka sauka. Na tsuguna ina taɓa sifirin, na yi magana da taya, yadda Baba yake yi da bango.

“Buhun masarar da anka gwada da shi, ba a ƙarshen kujera ya zauna ba. A jikin direba anka ɗaure shi.”

Ina jin kukan tsuntsaye a cikin dawa. Can sai na ji Baba ya yi gyaran murya, shi ma ya dubi taya.

“Ashe da buhu anka auna ni.” Ya gyara babbar rigarsa. “To a tada, kar a raɗa suna ba mu nan.”

Na hau, na tayar. Na ji ya hau, na ji kujera ta motsa, sai ga rigarsa tana taɓa bayana. Kafin in gama mamaki, hannunsa ya sauka a kafaɗata ta dama, ya riƙe gam. Wallahi saura kaɗan in manta inda giya take.

Muka shiga kwanar. Na kwanta, babur ya kwanta, Baba ya biyo ni kamar mun shekara muna yi. Kunnuwana duka biyu suna ƙasan salansa. Babu ƙarrr, babu tartsatsi, sai rugugin inji da iska. Da muka miƙe na so in kurma ihu, sai na tuna wa ke bayana, na haɗiye shi, hawaye suka fito a madadinsa. Hanya ta miƙe sambal har cikin gari, babu sauran dalilin riƙo, amma bai ɗauke hannun ba sai da muka tsaya a ƙofar gidan suna.

Yana sauka mutane suka taso gaisuwa, wani dattijo ya tambaye shi yaya hanya da wannan dodon babur. Baba ya gyara hularsa, ya dubi can wani wuri ya ce, “Lafiya lau. Mai shi ya iya tuƙi.” Maganar sayarwa ba ta sake tashi ba.

Har Allah ya karɓi ransa bai kira sunana ba, kuma ban ƙara jin ciwon hakan ba. Duk tafiyar da ta taso bayan nan, ko da mota na ƙofar gida, sai ya dubi Inna ya ce, “A gaya mashi ya fiddo babur.” Abin da na koya a ranar nan shi ne, mutum zai iya son ka matuƙa alhali yana zaune nesa da kai, kuma sau da yawa ba rashin so ne ya hana shi matsowa ba, dalilin da zai fake da shi ne bai samu ba. Ni buhun masara ne ya samar mini nawa.