Farantin Dabinon Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Sabo, Allah Ya jiƙansa. A gidanmu na Ƙofar Wambai, har yau idan hadari ya ɗauke hoton talabijin sai wani ya ce da Yaya na nan da ya yi ta bayanin dalili har tuwo ya huce. Ni ƙanwarsa na fi kowa shan wannan bayani, don ni ce ba na iya tashi in bar shi.

Malami ne a wata babbar makaranta a nan Bauchi, aikinsa tsara eriya. Wadda ya fi ba wa ƙarfinsa ita ce mai faranti biyu: babban ya tattaro saƙon da ke tafiya a iska ya tura wa ƙarami da ke fuskantarsa, ƙaramin ya mayar da shi cikin wani bututu a tsakiyar babban. Ya ce igiyoyin saƙon da yake aiki da su ba su wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, shi ya sa 'yar lotsawa a jikin faranti take watsar da su. Ƙaramin farantin yana da tudu a tsakiya, kuma lissafin tudun nan ne ya cinye masa watanni.

Wata damina rufin ɗakin aikinsu ya fara yoyo, sai ya kawo ƙaramin farantin gida ya ajiye a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, don nan ne yara ba sa shiga. Ya manta da halinta. Inna ba ta iya ganin kwano a karkace ta samu sukuni. Mai gyaran kwanuka ya zo wucewa ta miƙa masa, ya sa guduma ya baje tudun nan sarai, ita kuma ta bi shi da toka da soso.

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallon fuskarsa. Da ya shigo sai ta ce da ni, "Rabi, ki ce wa wancan na gyara masa farantinsa. Da ko kofi ba ya zama a kai."

Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya durƙusa ya ce, "Inna, an gode, Allah Ya saka da alheri. Ki riƙe ma, na bar miki."

A zaure na same shi ya dafe kai. Abin da ya ce kawai shi ne, "Amana na ba ki, kada Inna ta san mene ne wannan." Gwajin wannan shekarar ya wuce shi, abokan aikinsa suka riga shi ƙarin girma. Sai da shekara ta zagayo sabon faranti ya kama saƙon da aka aiko daga wajen Inkil, can bayan gari, ya shigo gida yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Inna kuwa tsohon ta mayar na dabino, kowane azumi da shi ake buɗe baki.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau, da turakun waya suka cika gari kowanne ɗauke da farantai. Na tabbata sai ya tsayar da mai keke a tsakiyar unguwar Gwallaga ya ɗaga kai ya ce wancan ba a saita shi daidai ba. Zai ji daɗi kuma, don 'yarsa Maryam, wadda ya bari tana firamare, ita ma aikin eriya ta karanta.

Ita ce ta kusa tona mu a azumin bana. Ta ɗauki farantin za ta miƙa dabino, sai ta tsaya tana shafa hudojin da ke gefensa. "Gwaggo, wannan ai ƙaramin farantin eriya ne. Wa ya baje shi haka?" Ina laluben ƙaryar da zan yi, sai Inna ta yi magana daga kan dardumarta.

"Ni ce. Kuma tun ranar na sani, ai na ji yadda muryarsa ta yi. Ya rufa mini asiri, ga shi kuma ɗan farina ne, da wane baki zan ba shi haƙuri? Sai na ce duk wanda ya ci dabino a kai, Allah Ya kai masa ladan."

Ban san abin da ya rage na eriyarsa a makarantar ba, wataƙila tuni an sauke ta. Abin da na sani shi ne na riƙe masa amanarsa, kuma hankalina a kwance yake. Aka kira salla, Inna ta tura wa Maryam farantin ta ce, "Ɗauki, ki yi wa babanki addu'a."